Juyayyar Sanda a Gonar Aya

Jama'ar wannan zaure ina gaishe ku, har da masu karantawa su wuce ba ko uffan, ina ganinku. Yau kam ku gyara zama. Wanda ya shigo yanzu kada ya damu. Sunana Safina, tela ce ni a Cadawa, shekarata ashirin da uku, kuma akwai wani bawan Allah mai suna Ridwanu da ya hana zuciyata sakat. An kai gaisuwa tun kafin ruwa ya ɗauke. Saura sa rana, an ce Juma'ar nan kawunnansa za su zo gidanmu.

To ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ni bahaguwa ce.

Na san wasunku za su ce, to sai me? Ku bari ku ji. Tun ina 'yar mitsitsiya Inna take ɗaure min hannun hagu a baya da kallabi in za a ci tuwo. Da muciya ta koya min ci da dama, karɓa da dama, rubutu da dama. Amma almakashi da wuƙa da tuƙin tuwo, waɗannan hagu ta ƙi saki. Shekara biyu da suka wuce wani Mubarak daga Gazawa ya nemi aurena, magana ta yi nisa. Rannan yayarsa ta faɗo gidanmu, ta tarar ina tuƙa tuwo da hagu. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Bayan kwana uku aka aiko cewa sun fasa, wai su a zuri'arsu ba a cin girkin bahaguwa. Na yi kuka, amma Inna ta fi ni.

Shi ya sa ranar da Ridwanu ya fara sallama a ƙofar gidanmu, Inna ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa.

"Safina, dube ni nan. Hannun ga naki, ki binne shi. Ko ƙuda ya sauka miki a hanci, da dama za ki kore shi. In an ɗaura, ki yi abin da kika ga dama."

"Inna, har yaushe zan..."

"Har ranar da na ce. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji.

Ridwanu ma'aikaci ne a buro, wato ofishin noma na Agiye. Dogo, baƙi, mai 'yar wushirya, in ya yi dariya har da kafaɗunsa. Ba ya shan taba, ba ya zaman banza a tasha. Cutarsa ɗaya ce: golf. Eh, golf ɗin da kuka sani, wanda rediyo ke ce wa ƙwallon lambu. A salula ya fara ganinsa, ya kamu. Sai Allah ya haɗa shi da wata tsohuwar jaka a wajen 'yan gwanjo a Maraɗi, tsakanin barguna da takalman sanyi, cikinta sanduna bakwai da ƙwallaye tara. Mai gwanjon ma cewa ya yi sandunan dogarawa ne na tsofaffin Turawa.

Lambun nasa kuwa gonar ayar mahaifiyarsa ce, Hajiya Batulu. Wanda bai san aikin aya ba: in ta nuna sai a ƙone ganyen, a tone ƙasa, mata su zauna da rariya su yi ta rairaya suna fitar da aya. Abin da ya rage yashi ne lallausa, fili fetal. Nan Ridwanu ya binne gwangwanin tumatir uku nesa da juna, ya kafa wa kowanne kara, ni kuma na ba shi ƙyallayen atamfa ya ɗaura. Duk Asabar da Lahadi bayan la'asar nan muke hira, a gaban matan da ke rairaya, ba mai cewa mun ɓuya.

Ya ce sai na koya. Na ce to, Mushe. Ku 'yan Najeriya kada ku yi dariya, a nan haka muke kiran malamin lakol, wato makarantar boko.

Tun da ba dama ya taɓa ni, da guntun kara yake nuni.

"Buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗarki. Yauwa. Sassauta gwiwa kaɗan. Haba Safina, kin shaƙe sandar kamar wuyan ɓarawo! Sassauta. Idonki a kan ƙwallo, kada ki ɗaga kai sai kin ji ƙara."

Na ɗaga, na sauke. Yashi ya tashi ya cika min hijabi, ƙwallo na nan zaune tana kallona.

Wata cikin matan ta ɗaga murya. "Amarya, in tono kike so ga rariya nan, mu ma hannu muke nema!"

Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta dole.

Sati uku muna haka. In na yi sa'a ƙwallo ta gangara taki goma ta kwanta. Abin da ya fi ci min rai shi ne Ridwanu bai taɓa cewa laifina ne ba. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ne ban iya koyarwa ba. Bari in ƙara kallon bidiyo." Mutum yana zargin kansa a kan ƙaryar da ni nake yi. Wallahi abin yana cizona.

To a cikin sandunan nan bakwai akwai wata da ba ya taɓawa. Kanta a juye yake, duk sauran sun fuskanci gefe ɗaya, ita kaɗai ta ba su baya. Na taɓa tambayarsa.

"Wannan? Lalatacciya ce. 'Yan kamfani ne suka yi kuskure, shi ya sa ta ƙare a gwanjo."

Rannan aka kira shi daga buro, ya tafi bayan gawo yana neman rezo, inda salula za ta kama sosai. Matan duk sun sunkuya a kan rariya. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na zaro juyayyar, na tsallaka ɗaya gefen ƙwallon, na tsaya. Jama'a! Kun san yadda ƙafa ke ji in ta shiga takalminta bayan ta wuni cikin na aro? Hannuna suka zauna da kansu. Ƙuguna ya juya da kansa. Na sauke.

Ƙwas!

Ƙwallo ta tashi. Ba gangarawa ba, tashi, sama, fara fat, ta wuce gwangwani na farko ta faɗa can gindin aduwa. Saura kaɗan in yi guɗa. Na yi maza na cusa sandar cikin jaka.

Ridwanu ya dawo yana dube-dube. "Ina ƙwallon?"

"Ta... shige yashi."

Ya durƙusa yana tono da hannu, ni ina tsaye ina istigfari.

Da na koma gida na bincika a salula. Ashe ba kuskure ba ne. Ashe da gangan ake ƙera su haka, don masu hagu. Na karanta sau uku. Wato wani mutum a wata ƙasa ya zauna, ya auna, ya narka ƙarfe, don irin hannuna. Ni da tun da aka haife ni ko almakashi ɗaya ban taɓa samu da ya san da zamana ba. Na zauna a bakin keken ɗinki hawaye na zuba, ina dariya.

Daga nan fa na zama ɓarauniya. Na ce wa Ridwanu jakar ta yayyage, ya kawo in ɗinka mata sabuwar riga. Ya kawo har gida a bayan moto, babur ɗinsa, yana ta godiya. Ɗinkin wuni ɗaya na ja shi kwana goma. Duk sanda Inna ta tafi unguwa sai in rataya tsohuwar tabarma a igiyar shanya bayan ɗaki, in tara ƙwallayen goruba, in yi ta bugu. Masu koyarwa a bidiyo duk na dama ne, suna rikita ni, sai dabara ta zo min: na jingine salula tana fuskantar madubin kabad. A cikin madubi kowa ya zama bahago! Nan na gane nauyin jiki daga ƙafar baya yake komawa ta gaba, na gane ba ƙarfi ake sa wa ba, sandar ake bari ta yi aikinta. Ranar farko cikin bugu goma biyu ne suka sami tabarma. Ranar ta goma, takwas. Tafin hannuna ya yi kanta, na ce wa Inna almakashi ne.

Ran Asabar na mayar masa da jakar cikin sabuwar rigarta ta yadin kaki, da aljihun ƙwallaye, da sunansa a jiki da jan zare. Na buga da dama kamar kullum, na tona rami kamar kullum.

Ran Lahadi da hantsi ina guga sai ga vokal, saƙon murya daga Ridwanu, ya shigo. Na danna.

"Ranki ya daɗe ɗalibata. Albishirinki! Na yi magana da Nomau maƙeri. Ya ce lalatacciyar sandar nan abu ne mai sauƙi, zai sa ta a wuta ya murɗe kan ya koma daidai. Yau ba zan samu fitowa ba, amma gobe da safe zan biya ta gona in kai wa Hajiya buhuna, daga nan sai maƙera. Ita ce mafi sauƙin nauyi, na ce ke zan ba. Wataƙila da ita hannunki zai faɗa."

Ya bi da hoton zuciya guda uku.

Sai da na ji ƙauri sannan na tuna dutsen guga yana kan zanen mutane.

Na rubuta: "Kada ka kai." Na goge. Na rubuta: "Ka bar ta haka, tana da kyau." Na tura.

Nan take ya amsa: "Kyau ba ya buga ƙwallo, Madam."

Na iske Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na faɗa mata komai, har tabarma, har madubi. Ta ajiye faifan a hankali.

"Yanzu ke Safina, a kan guntun ƙarfe? Kwana biyar ya rage! Biyar! Ya ƙone ta mana, ya yi lauje da ita in ya so."

"Inna, ba ƙarfen ba ne. Na gaji. Mutumin ga kullum cewa yake shi ne bai iya ba."

"Ya yi ta cewa! Kin manta yadda na kasa fita suna wata biyu saboda bakin mata? Kin san Hajiya Batulu kuwa? Matar da ko tsayuwar mutum ta kalla sai ta faɗi abin da ya ci?" Ta share ido da bakin zane. "Ni ba ƙinki nake ba, ɗiyata. Ba zan iya ganin an sake maido ki ba."

Na san gaskiyarta. Na kuma san in aka sa sandar nan a wuta, ni ma haka zan shiga gidan Ridwanu, a murɗe.

Da safe na yi wanka na saka doguwar rigata ruwan toka mai aikin zare a wuya, na ɗora hijabi ruwan hoda wanda bai cika tsawo ba, don kada ya riƙe min hannu. Na saka takalmi shafaffe. Na ce wa Inna zan kai ɗinki. Ta bi takalmin da kallo. Na tari kabu-kabu.

Ranar ce ta ƙarshen rairaya, mata sun kai goma sha biyar. Ga Hajiya Batulu a gindin gawo, zaune a kan buhun aya, da atamfa shuɗiya da farin mayafi da carbi, tana kallon masu awo ta saman tabarau. Ga Ridwanu yana ɗaure juyayyar sanda a bayan moto da roba.

Na durƙusa har ƙasa. "Hajiya ina kwana."

"Lafiya lau. Yau kuma da sassafe?"

Ridwanu ya washe baki. "A'a! Rakiya aka zo yi min?"

"Mushe," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "ara min sandar nan. Bugu ɗaya."

"Wannan? Ai ba ta buguwa. Bari a gyara tukuna."

"Bugu ɗaya kawai."

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni, ya kwance robar. Ya laluba aljihu ya ajiye ƙwallo a kan ɗan tudun yashi, ya matsa.

Na tsaya inda na saba tsayawa. Sannan, a gaban Hajiya, a gaban matan Cadawa goma sha biyar da bakunansu, na zagaya ɗaya gefen.

"Safina, kin juya baya, ba nan ne..."

Ban ji ƙarshen maganarsa ba. Ƙafa daidai kafaɗa. Gwiwa a sassauce. Na ce bismillah. Na ɗaga a hankali har na ji kafaɗata ta taɓa haɓata, na bar ta ta sauko.

Wayyo daɗi! Ko a hannuna ban ji nauyin bugun ba. Sai ƙara, siririya, tsaf. Na ɗaga kai na ga ƙwallo ta yi sama tana ƙanƙancewa, ta wuce gwangwani na farko, ta wuce na biyu, ta sauko kusa da na uku, wanda Ridwanu kansa sai ya yi bugu biyu yake kaiwa. Ta yi tsalle ɗaya ta kwanta a gindin kara.

Rariya ta tsaya a hannun kowa. Wata ta fara guɗa, ta tuna Hajiya na nan, ta haɗiye sauran.

Ridwanu kuwa hular kansa ya jefar. "La ilaha illallahu! Kun gani? Hajiya kin gani?" Ya ruga yana ƙirga taki da ƙarfi kamar yaro, rigarsa na kaɗawa. Daga can ya ƙwalo: "Ɗari da goma sha huɗu! Saura taki ɗaya ta shiga!" Ya juyo a guje, ya zo rabin hanya, sai ya rage sauri. Ya dubi sandar. Ya dubi inda na tsaya. Na ga lissafin yana shiga kansa.

"Ashe... ba lalatacciya ba ce."

"Ta bahagwai ce," na ce. "Ni ma bahaguwa ce. Tun haihuwa. Na ɓoye maka, ka yafe min."

Ya buɗe baki, amma Hajiya ta riga shi.

"Auta, yi shiru. Ke, zo nan."

Na je na durƙusa, sandar na hannuna, na ma manta in ajiye. Na ce shi ke nan, Gazawa ta biyu. A raina ina ta ba Inna haƙuri.

Hajiya ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ba ta gaggawa.

"Ranar da kika zo gaishe ni da sallah, wa ya yi miki lalle?"

"Ni na yi wa kaina, Hajiya."

"Na sani. Shekara talatin ina yi wa amaren garin ga lalle kafin idona ya gaji. Duk macen da ta yi wa kanta, na hagunta ya fi kyau, don dama ce ta zana. Ke naki na dama ne tsaf, na hagu kuwa kamar kaza ta taka. Tun kafin ki gama gaisuwa na san ko ke wace ce."

Na ɗago kai ban shirya ba. "Tun sallah?"

"Tun sallah. Kina ci da dama, kina karɓa da dama, to mi ya rage? Sauran halittar Allah ce, ni ban isa in gyara masa ba." Ta nuna ni da carbi. "Abin da nake kallo daban ne. Kullum matan ga suna ba ni labari, wai amarya tana tonon rami Auta yana ba ta haƙuri. Na ce to, bari in ga iya inda za ta kai. Na riga na gaya wa kawunsa, in Juma'a ta zo yarinyar ga tana nan tana yi wa ɗana wasan kwaikwayo, kada wanda ya saka min babbar riga ya tafi ko'ina. Wadda ta iya ɓoye hannu guda, ban san mi za ta ɓoye gobe ba."

Jama'a, kun ji? Abin da muka yi ta riƙewa ni da Inna don kada auren ya mutu, ashe shi ne ke kashe shi. Kwana huɗu ya rage. Da na yi shiru, da Nomau ya hura wutarsa, da shi ke nan. Kuka ya ƙwace min, ga dariya na neman fita, na rasa wanne zan bari.

"Hajiya, yanzu Juma'ar..." in ji Ridwanu, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai kuma da karatunka da salularka, sanda ta gagare ka ganewa, mace ta gagare ka. Je ka ɗauko hularka." Ta mayar da tabarau. "Juma'a tana nan."

Wannan karon ba wadda ta haɗiye guɗarta. Gona ta ɗauka gaba ɗaya. Ridwanu ya tsaya nesa kaɗan yana share ido da hula, ya ce, "Madam, daga yau ke ce Mushe. Ki nuna min yadda kike juya ƙugun nan, ni nawa ƙi yake."

Ina shirin ba shi amsa salulata ta hau ruri a cikin jakar hannuna. Na ciro. Inna. Na dubi matan, na ga ɗaya tana mayar da tata salular cikin zane tana kallon sama. Kai, Cadawa! Labari ya riga ni isa gida, kuma na tabbata rabinsa kawai aka kai.

Na kasa dannawa. Ta katse, ta sake kira.

"Wa ke nan?" in ji Hajiya.

"Inna ce."

Ta miƙo tafin hannunta. Na saka mata. Ta danna da kanta ta kara a kunne, har daga inda nake ina jin kukan Inna tana cewa, "Safina kin kashe ni, kin kashe ni."

Hajiya ta bari sai da ta numfasa.

"Uwar ɗiya, ba Safina ba ce, Batulu ce. Share hawayenki, ba wanda ya fasa komai. Amma ki shimfiɗa tabarma, ga ni nan tafe yanzu. Kuma ki ɗora tukunya kada ki taɓa muciya. Yau tuwon surukata zan ci, ina zaune ina kallo ta tuƙa shi."